Tambaya da Amsa: Tsohuwar Bentley a Gaban Mai Gwanjo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana da ke karatu a Ingila ya turo mini hoton wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu, wai sunanta Bentley R-Type Continental, ƙirar 1954, wadda wani gidan gwanjo na can ya sa a kasuwa, kuma ya ce ana sa ran kuɗinta zai haura fam 700,000. Ni dai na yi shekara 30 ina sayar da motoci, kuma a sanina abin da aka kai gwanjo abu ne da aka rasa mai saye ko aka ƙosa a rabu da shi. Me ke cikin motar da ta kai shekara 70 da zai sa a zuba mata wannan kuɗi? — Wani dillalin motoci, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kalmar gwanjo ce ta fara rikita lissafin, domin a bakinmu ta riga ta ɗauki ma'anar arha: rigar gwanjo, takalmin gwanjo, motocin da kwastan suka kama aka sayar. A manyan gidajen gwanjo na ƙasashen Yamma, irin su Bonhams da aka kafa a Landan tun 1793, ko RM Sotheby's, ana kai kaya ne idan ba a san iyakar farashinsa ba, saboda babu irinsa a kasuwa da za a gwada shi da shi. Sai a tara masu so a zaure guda, a bar su su fitar da farashin da bakinsu.

Game da motar kuwa, sai mun ɗan koma baya. W. O. Bentley ya kafa kamfaninsa a Landan a 1919, motocinsa kuma suka ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau biyar tsakanin 1924 da 1930, amma nasarar tsere ba ta hana kamfanin karyewa ba, Rolls-Royce ya saye shi a 1931. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1946, aka koma ƙera motocin sunayen biyu a masana'anta guda a garin Crewe. A farkon shekarun 1950 injiniyoyin kamfanin, ƙarƙashin Ivan Evernden tare da mai zane John Blatchley, suka ƙudiri yin motar da za ta ɗauki mutum huɗu da kayansu, ta yini tana gudu a dogayen titunan Turai ba tare da ta galabaitar da su ba. Abin da ya tsaya musu a gaba shi ne taya, domin tayoyin wancan zamani ba sa jure nauyin babbar mota idan ta daɗe tana tsananin gudu. Dole aka bi motar gaba da baya ana rage mata nauyi. Aka yi bodinta da alminiyam, aka yi firam ɗin tagogi da bamba da alminiyam, aka rage kaurin kujeru, aka kuma gwada siffarta a ɗakin gwajin iska na kamfanin da ke garin Hucknall har aka sami wannan baya mai gangarowa da kake gani a hoton. Ta fito a 1952 da inji mai silinda shida, lita 4.6, wanda aka ƙara masa girma zuwa lita 4.9 a 1954, kuma tana kai mil 120 a awa, wato sama da kilomita 190. A lokacin babu motar mutum huɗu da ake ƙerawa don sayarwa da ta kai ta gudu, kuma tana cikin waɗanda suka fi tsada a duniya.

Guda 208 kaɗai aka yi zuwa 1955, har da ta gwaji. Kuma ba a yi su yadda ka saba gani ba. Masana'antar Crewe takan haɗa shasi da inji da giya, sannan a tura wa maƙeran bodi, kamar yadda mutum zai sayi shadda ya kai wa telansa. Kamfanin H. J. Mulliner da ke Chiswick a Landan shi ya yi bodin 193 daga cikinsu, ana bubbuga alminiyam da hannu; sauran kaɗan ɗin suka tafi wajen Park Ward, da Franay na Faransa, da Graber na Suwizalan, guda ɗaya kuma wajen Pinin Farina na Italiya. Mai saye ne ke zaɓen launin fata da irin katako da inda za a sa sandar giya, shi ya sa da wuya ka sami biyu da suka yi daidai ta kowace fuska.

Ga abin da ɗan kasuwa irinka zai fi ganewa. A shekarun nan dai kamfanin ya ƙera R-Type ta gama-gari mai ƙofa huɗu da bodin ƙarfe, sama da guda 2,000, kuma tushen shasinsu da injinsu ɗaya ne. Wannan ta gama-garin ana samunta yau a kan 'yan dubban fam goma-goma, ita kuwa Continental mai lafiya takan tashi daga ɗaruruwan dubbai har ta haura fam miliyan ɗaya. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ratar farashi ta ninka fiye da sau goma. Ƙarancin adadi da kyawun ƙira da sunan da ta yi a zamaninta su suka jawo haka, sai kuma wani abu da zan yi bayaninsa a amsa ta gaba, wato takardun da ke biye da ita.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni makanike ne, kuma na san babu motar da za ta yi shekara 70 ba a sauke injinta ba, ba a sake mata fenti ba. To idan an canja inji, an canja kujeru, an sake bodi, me ya rage na asali da ake biyan kuɗinsa? Kuma ta yaya mai saye zai san ba a haɗa masa ta da tarkace ba ne? — Wani makanike, Panteka, Kaduna

Amsa: Maigida, wannan tambaya taka ta taɓa kai manyan attajirai gaban alƙali. A 1990 Babbar Kotun Landan ta saurari ƙara a kan wata Bentley ta tsere da ake wa laƙabi da Old Number One, wadda ta ci Le Mans a 1929 da 1930. An yi cinikinta a kan fam miliyan 10, sai kamfanin da ya saya, Middlebridge, ya janye, yana cewa abin da aka ba shi ba motar da ta ci tseren ba ce, tunda an sake mata shasi da inji da bodi a shekarun da take aiki, ta kuma yi mummunan haɗari a filin tseren Brooklands a 1932 aka sake gina ta. Alƙali ya yarda cewa kaɗan ne ya rage daga ƙarfen 1929, amma ya yanke cewa motar ita ce dai, domin tarihinta bai taɓa yankewa ba: an san inda take a kowane lokaci, an san wanda ya yi kowane gyara, kuma babu wata mota a duniya da za ta tashi ta ce ita ce mai wannan suna. Kotu ta ba mai sayarwa gaskiya.

Tun daga nan za ka ga dalilin da ya sa kundin takardu yake da nauyi a wannan kasuwa. Rolls-Royce da Bentley sun riƙa buɗe wa kowace mota kati tun tana masana'anta, a rubuta lambar shasi, lambar inji, launin fenti, irin fatar kujera, sunan wanda ya yi oda da ranar da aka miƙa masa. Waɗannan katuna suna nan a ajiye a gidan da ake kira Hunt House a ƙauyen Paulerspury, mazaunin ƙungiyar masu sha'awar Rolls-Royce, kuma ana iya neman kwafi. Mai saye mai hankali yakan ɗauki kwafin ya tsuguna a gaban motar, ya duba ko lambar da ke buge a jikin inji ita ce ta kan kati. Idan ta yi daidai, an san injin da aka haife ta da shi ne, farashi ya tashi. Idan ba ta yi ba, motar na iya zama lafiyayya sarai, amma kuɗinta zai sauka. Bayan katin sai rasiɗan gyara na shekara da shekaru, da tsofaffin takardun rajista, da jerin waɗanda suka mallake ta. Shekara goma da babu takarda ko ɗaya a cikin kundin takan sa masu tayi su yi sanyi.

Batun fenti kuma, a nan ɗabi'armu da tasu suka rabu. Mu idan za mu sayar da mota sai mu kai ta wajen fanel bita, a fesa sabon fenti, a sake wa kujeru riga, ta fito tana walƙiya. A can, motar da ta tsira da fentinta na farko da fatar kujera ta kamfanin Connolly da aka ɗinka mata tun farko, ko da fatar ta yi laushi ta yi zane-zanen tsufa, sau da yawa ta fi wadda aka sabunta daraja, saboda ana iya sabunta mota ko sau nawa, amma na asali idan ya tafi ba ya dawowa. Ni kaina na fi jin daɗin ganin irin wannan. Sai dai kada a wuce gona da iri: akwai motocin da aka tsinto a rumbu sun shekara 40 ba a tayar da su ba, bera ya ci wayoyi, inji ya kafe, a kawo su gwanjo da ƙurarsu a ce tarihi ne. Wannan sakaci ne aka sa wa suna mai daɗi, kuma kuɗin tayar da irinta yakan fi kuɗin sayenta.

Inda ya kamata ƙwararre ya sa ido a Continental shi ne wuraren da alminiyam ya haɗu da ƙarfen da ke riƙe da shi, domin ƙarafan biyu idan danshi ya shiga tsakaninsu sukan ci juna a ɓoye, sai dai ka ga fenti ya fara ƙuraje. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam, saboda haka dabarar da kuka saba gano ciko da ita ba za ta yi aiki a nan ba, sai da na'urar auna kaurin fenti.

Sunan wanda ya taɓa hawa ma kuɗi ne. A 2022 an sayar da wata Ford Escort baƙa, wadda Gimbiya Diana ta yi amfani da ita a shekarun 1980, a kan fam 650,000 kafin a ɗora la'ada. Escort ce dai, samfurin RS Turbo.

Tambaya: Malam, yaya ake gudanar da cinikin a zauren? Kuma mun ji an hana mutum ya yi tayi a kan tayin ɗan'uwansa, to ina matsayin Musulmin da ya shiga irin wannan kasuwa? — Wata malamar makaranta, Zinder

Amsa: Malama, kafin ranar gwanjo gidan yakan fitar da kundin bayanin kowace mota da hotunanta da ƙiyasin farashi, mafi ƙanƙanta da mafi girma, sannan a ba da kwana ɗaya ko biyu masu so su zo su duba, ko su aiko wanda zai duba musu. Mai son tayi sai ya yi rajista, ya nuna shaidar ko shi wane ne, a manyan motoci har da takardar banki. Ana tayi daga cikin zaure, ko ta waya, ko ta intanet. Yawancin motoci suna da farashin da mai kaya ya gindaya a asirce tsakaninsa da gidan gwanjo, wanda idan tayi bai kai shi ba za a mayar masa da kayarsa. Shi ne "albarka" tamu ta kasuwa, sai dai an faɗe ta tun kafin a fara. A dokar cinikin kaya ta Birtaniya ta 1979, ciniki ya faɗa da zarar mai gwanjo ya buga gudumarsa, kafin nan mai tayi na iya janye maganarsa, bayan nan kuwa babu janyewa.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne za a biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora wa mai saye la'ada, a motoci yawanci tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100, a kan la'adar kuma akwai harajin VAT, ga kuɗin ɗauka da ajiya idan ba a kwashe motar da wuri ba. Shi ma mai kaya ana cire masa nasa kason. Motar kuma ana sayar da ita ne yadda take, ba garanti. Ya kamata a san cewa a Birtaniya motar da ta haura shekara 40, in ba a yi mata babban canji ba, an ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, saboda haka rashin wannan takarda ba aibi ba ne, amma kuma babu wani jami'i da ya duba birkinta a madadinki.

Ta fuskar shari'a, malaman Malikiyya sun bayyana cewa hanin yin tayi a kan tayin ɗan'uwa yana aiki ne idan mai kaya da mai saye sun riga sun karkata ga juna, ciniki ya kusa faɗawa. Kayan da aka baje tun farko don a yi ta ƙari a kai, wanda ake kira muzayada, ya halatta. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani. A nan akwai abin lura, domin dokar Birtaniya ta yarda a yi tayi a madadin mai kaya matuƙar an sanar da haka a cikin sharuɗɗan gwanjon, kuma masu gwanjo sukan yi amfani da wannan dama su tura farashi zuwa kusa da wanda aka gindaya. Zunubin wannan ba a wuyan mai saye yake ba, amma aljihunsa yake shafa, shi ya sa masu gogewa sukan yanke iyakarsu tun a gida, su rubuta ta, su kuma tsaya a kanta ko da zaure ya ɗau zafi. Wadda ke son cikakken hukunci a kan wani ciniki takamaimai ta kai sharuɗɗansa gaban malamin fiƙihu.

Tambaya: Shin sayen irin wannan mota hanyar ajiye dukiya ce, kamar fili ko zinariya? — Wani ma'aikacin banki, Accra

Amsa: Ga 'yan ƙalilan daga cikinsu, an gani. Bonhams ya sayar da wata Rolls-Royce Silver Ghost ta 1912 a kan kusan fam miliyan 4.7 a Goodwood ta Ingila a 2012, RM Sotheby's kuma ya sayar da Aston Martin DBR1 ta tsere a kan dala miliyan 22.55 a Monterey ta Amurka a 2017. Amma waɗannan su ne ake bugawa a jarida. A ƙarshen shekarun 1980 farashin tsofaffin motoci ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka ci bashi suka saya, a farkon shekarun 1990 kasuwar ta faɗi, da yawa suka sayar da asara mai yawa. Fili ba ya shan baƙin mai, zinariya ba ta neman inshora da gareji mai daidaitaccen yanayi, mota kuwa ko tana tsaye tana ci. Dubi Silver Shadow, wadda aka ƙera kusan 30,000 tsakanin 1965 da 1980: Rolls-Royce ce ta gaske, amma saboda yawanta ana samunta da arha, kuma gyaran birkinta da na'urar ɗaga bayanta sau ɗaya na iya cinye kaso mai tsoka na abin da aka saye ta.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina ganin tsohuwar Rolls-Royce da ake fitowa da ita a fadar Kano lokacin bukukuwa, kuma na daɗe ina sha'awar mallakar irinta. Idan na saya a gwanjon Ingila, zan iya kawo ta gida in riƙa hawa? — Wani ɗan kasuwa, Katsina

Amsa: Alhaji, sayen ne mai sauƙin. Matsala ta farko sitiyari ce. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma ƙa'idojin hanya sun hana amfani da mota mai sitiyari a dama, alhali yawancin motocin da ke fitowa a gwanjon Ingila haka suke. A cikin Continental 208, guda 43 ne aka yi da sitiyari a hagu, kuma Amurkawa da Turawan nahiyar suna rububinsu, shi ya sa sukan fi tsada. Juya sitiyarin kuwa, wanda ake yi wa motocin haya a garejinmu cikin 'yan kwanaki, a irin wannan mota ɓarna ce da za ta rage mata daraja nan take, tunda ba za ta ƙara dacewa da katinta na masana'anta ba. Sai ƙa'idar kwastan da ta iyakance shekarun motar da za a shigo da ita, wadda motar 1954 ta wuce nesa ba kusa ba, saboda haka kada ka ɗaga hannu a zaure sai ka riƙe amsar hukuma a rubuce. Daga can ma, abin tarihi da ya haura shekara 50 kuma darajarsa ta kai wani mizani ba ya fita daga Birtaniya sai da lasisi.

Idan duk wannan ya warware, sai yanayi. Bushewar arewa alheri ce ga ƙarfe, domin tsatsar da gishirin titunan Ingila ke jawowa ba za ta same ta a Katsina ba. Amma hunturu maƙiyin katako da fata ne: falen katakon goro na Turai da ke gaban direba yakan tsage ya ɗaga, fata ta bushe ta dare, robobin ƙofa su ƙage, ƙura kuma ta shige kafireto. Zafin bazara a cikin cunkoso zai gwada lagireton da aka yi don sanyin Turai. Tana bukatar gareji rufaffe, da man shafa wa fata a kai a kai, da a tayar da ita a zagaya da ita ko sau biyu a wata, domin zama ya fi tafiya lalata ta.

Sai hannun da zai taɓa ta. Kusoshinta na tsohon ma'aunin Ingila ne, sifanar milimita ba ta kama su daidai, sai ta cinye musu kai. Birkinta yana samun ƙarin ƙarfi ne daga wata na'ura da ke juyawa da giya, abin da makaniken da ya tashi a kan Toyota da Peugeot bai taɓa gani ba, kuma akwai wani feda da direba ke takawa lokaci-lokaci ya tura mai zuwa gaɓoɓin shasi, wanda in an manta da shi gaɓoɓin su cinye. Idan kuma Silver Shadow ka saya, akwai man birki nata na musamman mai suna RR363, motocin kamfanin da suka biyo bayanta daga 1980 kuma wani mai daban suke sha, kuskuren zuba ɗaya a madadin ɗaya yana lalata robobin tsarin gaba ɗaya. Ba na shakkar basirar makanikanmu, na ga abin da suke yi da motocin da masu su suka fid da rai, amma sai an kawo musu littafin gyara da kayan aikin da suka dace, kayan gyara kuma daga Ingila za a riƙa yin odarsu.

Shawarata, in sha'awar ce ta motsa ka, ka nemi Rolls-Royce Silver Cloud ko Silver Shadow da aka ƙera da sitiyari a hagu tun daga Crewe don kasuwar Amurka ko Turai, ka biya ƙwararre mai zaman kansa, wanda ba ya cin la'adar gidan gwanjo, ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta, ya karanta kundinta daga farko zuwa ƙarshe, ya rubuto maka abin da za ta ci a shekara biyun farko. Da wannan lissafi da amsar kwastan a hannu za ka yanke iyakar tayinka.